Kafin Ka Ɗora Aska a Kan Ɗan Isiyaku

Lafia,
Ranar Juma'a, bayan sallar La'asar.

Zuwa ga ɗana Nuhu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Hauwa'u, Ya kiyaye muku hanya gobe, Ya sauke ku Awe lafiya, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari.

Zan fara da shimfiɗa al'amarin yadda yake, domin duk wanda aka karanta wa takardar nan ya san inda aka dosa. Wanzamin da ya daɗe yana riƙe da unguwar masu dafa gishiri a Awe ya tsufa, ya ajiye zabira, bai kuma bar magaji ba. Dattawan unguwar sun aiko gidan nan suna neman wanda zai zauna da su, na ba su kai. Sun ba ka ɗaki, sun ba ka rumfa, amma ba su ba ka kawunan 'ya'yansu ba tukuna, wannan sai sun gani da idonsu. Ranar Litinin da ta wuce matar Isiyaku, ɗaya daga cikin magidantan unguwar, ta haifi ɗa namiji, Litinin mai zuwa suna. Askin wannan jariri shi ne aikinka na farko a garin, kuma a gaban matan unguwa gaba ɗaya za ka yi shi. Idan ya yi kyau, ka zama wanzamin waɗannan gidaje. Idan ya ɓaci, za su yi maka sannu da fara'a, su ci gaba da aikawa wani gari duk lokacin da aka haihu, kai kuma ka zauna kana kallon rumfa. Isiyaku ya bugo waya ya ce ni yake so in zo. Kai ma ka tambaye ni har sau uku ko zan bi ka, na ce maka za mu gani. Amsar tana cikin takardar nan, amma ina so ka bi ta a jere.

Na zaɓi rubutu saboda na san halina. Idan na zaunar da kai, za ka sunkuyar da kai, ni kuma kafin in ankara na fara ba ka labarin bajintata. A takarda na fi iya faɗin inda na ɓata. Abin da na sani game da kaifin aska, mafi yawansa ba daga bakin kakanka na ji shi ba, a kawunan bayin Allah na koye shi, kuma sun sha wahala kafin in koya.

Ina da ƙuruciya, kafin a haife ka, duk Asabar nakan tafi Agyaragu in shimfiɗa tabarma a gindin wani mangwaro. Manoman wurin suna son su shiga coci ranar Lahadi da kai fes, saboda haka layi yakan yi tsawo. Cikinsu akwai wani dattijo, Baba Istifanus, manomin doya, mai dogon wuya da murya ƙasa-ƙasa. Shi kullum sai ya gama da gona yake zuwa, don haka shi ne na ƙarshe a layi. A lokacin nan aska ɗaya nake ji da ita, da safe nake wasa ta a dutse, in goge ta a guntun fatar da muke gyara bakin aska da ita, daga nan ba na sake waiwayarta sai na dawo gida. Ma'aunina ɗaya ne: tun da babu wanda ya yi ƙorafi, aska tana ci. Baba Istifanus kuwa bai taɓa cewa uffan ba. In na gama sai ya shafa kai ya ce, “Wanzam, ya yi kyau, Allah ya sa albarka.”

Wata Asabar tabarma ta jiƙe, sai na zaunar da shi a kan kujera 'yar tsugune, ƙafafunsa a ƙasa. Da ya tashi, na sunkuya zan ɗauki kwanon ruwa, sai na ga ramuka biyu a inda ƙafafunsa suke, kamar kaza ta yi tono. Yatsunsa ne suka haƙa su. Na ce, “Baba, don Allah gaya mini gaskiya, askata tana yi maka zafi?”

Ya dube ni ya yi murmushi. “Wanzam, aski ai haka ne. Ko ba haka ba ne?”

Na ce ba haka ba ne. Na ce ya koma ya zauna, domin akwai ɗan saura a ƙeya. Na fito da dutse na wasa askar a gabansa a natse, na goge ta a fata, na jiƙa wurin sosai, na ɗora. Can ya ce, “Ka fara?” Na ce ai na gama. Sai ya fashe da dariya har da buga cinya, ya kira sauran da ke zaune a inuwa. “Ku zo ku ji! Shekara biyu mutumin nan yana noma a kaina da garma, ashe yana da wani hannu ya ɓoye! Wanzam, ka koya mini addu'a fiye da fasto. Kana aski, ni ina roƙon Ubangiji.” Ranar nan duk gindin mangwaron dariya aka yi ta yi, ni ma na yi, amma fuskata kamar an watsa mata barkono.

Saboda haka, Nuhu, kada ka auna askarka da shirun wanda kake yi wa aski. Mutumin kirki ba zai ce maka yana jin zafi ba, babban mutum kuma ya fi kowa ɓoyewa. Fuska tana iya daurewa, ƙafa ba ta iyawa. Ka riƙa satar kallon yatsun ƙafa. In ka ga sun fara naɗewa, ka ɗaga hannu ka koma fata, ko da rabin kai ka aske. Ka kuma saurari askar kanta. Mai kaifi sautinta siriri ne, kamar ana yaga tsohon ƙyalle a nesa. Wadda ta gaji tana ƙarar kankare, kuma za ka ji hannunka ya fara dannawa ba da saninka ba. Duk lokacin da ka ji kana danna aska, to ta daina aiki, kai ne kake yi. Kan manomi kuma yana ɗauke da ƙasar gona, yashi ne zalla a gindin gashi, shi ke cinye baki. Ka wanke kan da sabulu kafin ka taɓa shi. Na ƙarshe a layi yana da haƙƙin kaifi irin na farko.

Daga wannan rana na koma tafiya da aska huɗu, a nan kuma na yi wani kuskuren, wanda mahaifiyarka ta fi kowa tunawa. Sai na riƙa samun ƙananan giɓi a bakinsu, alhali lafiya lau na ajiye su. Na rasa wanda zan zarga, sai na zargi Innarka. Na ce tana ɗauka tana yanke zare. Ta ce ba ta taɓa ba. Na ce to aljanu ne. Ta ce, “Malam, aljanun gidan nan ba sa ɗinki.” Muka yi kwana uku ana gaisuwa a tsaitsaye. A na huɗu na dawo daga kasuwa a kan keke, tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ce, “Tun daga bakin zaure nake jin aljanun naka suna faɗa a cikin zabira.” Na tsaya na girgiza zabirar, na ji ƙarafa suna karo da juna. Ni ne nake zuba su wuri guda tsirara, kowane rami a hanya su sari juna. Ita ce ta ɗinka mini kube na fata, kowace aska da gidanta, irin wanda ta ɗinka maka a makon nan. Ka riƙe wannan: in kaifi ya lalace, ka fara bincikar hannunka da zabirarka kafin ka ɗaga murya a kan matarka. Hauwa'u baƙuwa ce a Awe kamar yadda kake baƙo, ba ta da kowa sai kai.

Akwai kuma shekarar da ma'aikatan lafiya suka tara wanzaman garin nan, suka yi mana bayanin cututtukan da aska ke ɗauka daga jinin wani ta kai wa wani. Gaskiya suka faɗa, amma a lokacin girman kai ya hana ni saurara har ƙarshe. Suka ce a tafasa aska. Ni kuwa na taso da jin cewa ruwan zafi yana kashe kaifi. Na ce a raina, in tsabta ake so, me ya fi wuta tsabta? Na dawo gida na ɗauki askar da na fi so, na cusa bakinta cikin garwashi har ya yi shuɗi-shuɗi, ina jin na fi likita dabara. Tun daga ranar ta daina riƙe kaifi. In wasa ta da safe, kafin kai ɗaya ya ƙare ta kwanta. Na kai wa Malam Tanko maƙeri, ya juya ta a hannu ya ce, “Wa ya gasa maka wannan?” Na ce ni ne. Ya ce, “To ka ci abinka, ta nuna.” Ya bayyana mini cewa taurin da maƙeri ya ba ƙarfe, harshen wuta yana zare shi, tafasasshen ruwa kuwa ba ya kai wa can. Abin da na guda shi ne mai lafiya, abin da na zaɓa shi ne mai kisa.

Don haka ka wasa, ka goge a fata, sannan ka tafasa, ka tsane ta da tsabtataccen ƙyalle har ta bushe ƙayau, ka shafe ta da sifirit. Aska ɗaya, kai ɗaya, ba ta komawa kan wani sai ta sake bi ta tukunya. Askar jarirai kuma ka ware ta, kada ta taɓa gemun kowa, ko da na limami ne. Idan iyaye suka kawo sabuwar reza a takardarta suka ce da ita suke so, kada ranka ya ɓaci, haƙƙinsu ne. Ka karɓa da hannu biyu, amma ka dube ta a rana kamar yadda za ka dubi taka, domin sabo ma yakan zo da aibi.

Yanzu na zo kan Awe, da gidan da za ka shiga ranar Litinin. Ka san Isiyaku yana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu, ka kuma san yakan tsokane ni a kai. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi, domin ban taɓa ba kowa labarin a cike ba.

Shekara arba'in da 'yan kai ke nan. Wanzamin unguwar ya yi tafiya, mahaifin Isiyaku kuma abokin cinikin kakanka ne, sai aka aiko Lafia, kakanka ya tura ni. Na isa ana gobe sunan Isiyaku, da rana tsaka. Bayan na ci abinci na fito da dutse, na ɗebi ruwa a randar gidan na zuba masa, na wasa askar har ta yi yadda nake so. Na gwada ta a gashin hannuna, yana zuba tun kafin ta taɓa fata. Na goge ta a gefen riga sama-sama na mayar kube, ina jin daɗin kaina. Ban ɗanɗana ruwan ba, domin ni shayi aka ba ni. Ashe rijiyar gidan zartsi gare ta, ruwan gishiri-gishiri ne.

Da gari ya waye, an gama raɗa suna, maza suna cin goro a waje, na zaro aska sai na ga ɗigo-ɗigon tsatsa a kan bakin, ƙanana kamar ƙwayar gero. Akwai wata askar a zabira, lafiyayya, wadda na wasa tun a gida. Da na ɗauke ta, da babu labari. Amma na ƙudura cewa da wannan zan yi, domin ita ce mai ƙota mai ado, ita nake so mata su gani. Na koma bayan ɗaki na hau dutse da ƙarfi, ina sauri, ina dannawa. Tsatsa ta fita. Na ƙara, don in tabbata. Na sake ƙarawa, don tsoro. Bakin ya yi siriri har ya wuce iyaka, ya lanƙwashe gefe guda kamar leɓe, abin da ido ba ya gani. Na gwada a gashin hannuna, ya aske. Ban bi ta kan fata ba, domin an riga an aiko kirana sau biyu.

Wadda ta riƙe jaririn ita ce ƙanwar mahaifinsa, Goggo Asabe, mai dafa gishiri, mace mai ido kamar na shaho. Saman kai ya tafi lafiya. Da na zo bayan kunne, inda fata take da laushi da lanƙwasa, wannan leɓen ƙarfe ya kama. Yaro ya tsala ihu, jini ya fito, ba mai yawa ba, amma a kan ɗan kwana bakwai ɗigo ɗaya ma kogi ne. Goggo Asabe ta danne wurin da auduga, ta rarrashi yaron, ba ta dube ni ba sai da ya yi shiru. Sannan ta ce, “Ɗan Lafia, aski aka kira ka ko tsaga? Mu gidan nan ba mu da tsaga a kunne.”

Na ce, “Goggo, a gafarce ni, tsatsa ce ta...”

“Da wane ruwa ka wasa?”

Na nuna randa. Sai ta kama haɓa. Ta miƙa yaron ga uwarsa, ta ce in biyo ta. Ta kai ni bayan gida inda suke dafa gishiri, ta nuna mini tulin tsofaffin kwanoni, duk sun huje kamar rariya. “Ka ga waɗannan? Kaurinsu ya fi na askarka sau nawa? Ruwan nan ne ya cinye su. Shi ka ba 'yar askarka ta kwana da shi, kana jiran ta gode maka?” Ta ɗebo ruwan sama a wata tukunya ta ce in wanke hannu, in ɗauko ɗaya askar in ƙarasa, domin ba za a bar ɗan yayanta da rabin kai ba. Na ɗauko na ƙarasa. Da zan tafi, ta cika mini ƙwarya da gishiri fari tas, fiye da abin da aka saba ba wanzami. Na ce ban cancanta ba. Ta ce, “Karɓi. Duk miyar da ka sha da shi ka tuna da kunnen Isiyaku.” Mun fi wata shida muna cin gishirin nan, kuma ban sha miya ko sau ɗaya ban tuna ba.

Goggo Asabe tana nan da ranta. Ta tsufa, ta daina zuwa wurin dafa gishiri, amma an tabbatar mini idonta bai rage komai ba, kuma ita za ta riƙe wannan jaririn ma.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga wannan. Duk ruwan da za ka zuba wa dutse a Awe, ka fara kai shi harshenka. In ka ji zartsi, ka nemi ruwan sama ko na leda. Aska ba ta shiga kube da danshi, kuma da damina ka shafa mata ɗan man kaɗanya. Washin askar suna ana gama shi tun ana gobe, da rana, a inuwa, ba kowa a kanka. Ka kwantar da ita a dutse, nauyinta kawai ya isa, kada ka ƙara mata naka. Ka san lokacin tsayawa, domin aska tana mutuwa da yawan washi kamar yadda take mutuwa da rashinsa. In kana so ka sani ko akwai giɓi, ka jiƙa farcen babban yatsa ka ja bakin a kai a hankali. In ya tafi sumul yana ɗan kama farcen, lafiya. In ya yi tsalle, akwai giɓi. In ya zame kamar a kan kwalba, bai yi ba. Amma wannan gwaji na tsakiyar aiki ne, domin farce ma yana taɓa kaifi, kada ya zama shi ne na ƙarshe. Bayan dutse sai fata, baya yana gaba, baki yana bi, har sai leɓen nan ya fita. Sannan ka fita rana ka juya bakin sama ka duba. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli, ba ka ma ganinsa. Duk inda ya yi walƙiya, nan ne ya kwanta. Gashin hannunka kuwa kada ka amince masa shi kaɗai, ya yaudare ni. Ka ja bakin a kan jiƙaƙƙiyar auduga, in ya tsinci zare ko ɗaya, akwai abin da zai kama fatar jariri. Da safiyar suna kuma, in ka ga abin da bai yi maka ba, kada ka koma dutse. Ka ɗauki ta biyu. Ba mai tuna ƙotar da aka yi aski da ita.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi girma, kuma a kanka na yi shi.

Shekara nawa muna zuwa suna tare? Kai kake jiƙa kai, kai kake fara aski, ka bi gefen maɗiga da hannu mai sauƙi wanda ni ban samu irinsa ba sai da na yi furfura. Amma duk lokacin da ka iso bayan kunne, sai in ce, “Kawo in ƙarasa.” Kai kuma ka miƙo ba musu. Na san ka ɗauka ban yarda da hannunka ba ne. Na ga hakan a fuskarka, na kuma yi shiru. Yau ina gaya maka, ba hannunka nake tsoro ba, tsakar gidan nan ta Awe nake gani. Tsorona ne na ɗora maka, har ga shi za ka fita duniya ba ka taɓa aske bayan kunnen jariri ba. Wannan laifina ne, ina neman ka yafe mini.

Wurin ba shi da wani sirri. Ka sa mai riƙon ta kwantar da kansa a tafinta. Ka naɗe kunnen gaba da yatsa ɗaya, ka miƙar da fatar da babban yatsa har lanƙwasar ta baje. Ka jiƙa da ruwa mai ɗumi, ka kwantar da askar kusan a kwance, ka bi gashi inda ya nufa, kaɗan-kaɗan. In ya motsa, ka ɗaga ka jira, ba a tsere da jariri. Ka yi shi ɗaruruwan lokuta a kan manya, wannan ƙarami ne kawai.

Zan kuma gaya maka abin da zai sa ka dariya. Shekara uku ke nan, in ka tafi masallaci da Azahar ka bar zabira a rumfa, nakan zaro askarka in gwada, ina neman abin gyara. Ban samu ba. Tun daminar bara idona ya daina rarrabe ƙyallin baki, sai na koma in kana wani aiki in ɗauki taka in yi wa tsofaffin abokaina gyaran fuska. Har Malam Tanko ya ce mini, “Shu'aibu, tsufa ya karɓe ka, askarka ta fi ta da.” Na ce masa alhamdu lillahi. Ban yi ƙarya ba, amma ban ƙarasa gaskiya ba. Ranar nan na koma gida da farin cikin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan, har Innarka ta tambaye ni ko kujerar Makka aka ba ni.

To ga amsar tambayarka. Ba zan zo Awe ba. Lafiyata ƙalau, kuɗin mota ma akwai, kuma Allah Ya sani raina yana son ganin wannan rana. Amma in na shiga gidan nan, ko a bakin ƙofa na tsaya, ni za a miƙo wa yaron. In ma ba a miƙo ba, kana isa kunne bakina zai buɗe da kansa, kai kuma ladabinka zai sa ka miƙo. Daga nan unguwa za ta ce ɗan bai isa ba sai da uban, kuma wannan magana ba ta goguwa. Sun nemi wanzamin da zai zauna da su, dole su gan shi shi kaɗai.

A kan haka nake neman haɗin kan kowa, kuma ina so ka karanta wannan sashe ga duk wanda na ambata.

Mahaifiyarka za ta je, ta riga ta ɗinka atamfa, ba ni da ikon hana ta. Ina roƙonta ta zauna cikin mata ta yi addu'arta a zuci, kada ta miƙe tsaye in aska ta kusa kunne. Ƙanena, Baffanka Sale, wanda zai kai ku a mota, ina roƙonsa da girman zumunci ya tsaya a waje wurin maza ya ci goronsa, domin na san shi da ba da shawara a inda ba a nema ba. 'Yata Hauwa'u, ke ce mai tafasa ruwa da tsane aska, kada ki bar kowa ya taɓa zabira, ko da don ya yaba ne. Isiyaku, na ji saƙonka cewa in zo in gyara abin da na ɓata. Ga gyaran nan na aiko, ya fi ni ido, ya fi ni sanyin hannu, ka karɓe shi kamar yadda mahaifinka ya karɓe ni. Duk wanda ya tambaya me ya hana tsoho zuwa, kada a ce ba ni da lafiya, a faɗi gaskiya: ya aiko wanda ya fi shi.

Goggo Asabe kuwa, ina gaishe ki gaisuwar girma. Ban roƙe ki ki sassauta masa ba, na san ba za ki yi ba, kuma ba na so. Ki sa masa ido yadda kika sa mini. Roƙona ɗaya ne: kada kowa ya bugo mini waya sai gashin ƙarshe ya faɗi, in an bugo kuma, ke nake so a ba. Abin da kika faɗa shi zan karɓa. Zan kasance a rumfa tun hantsi, wayar tana aljihun gaba.

Allah Ya raya jaririn bisa tafarkin alheri, Ya ba mahaifiyarsa lafiyar shayarwa. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da masu dawowa lafiya, Ya zaunar da masu zama cikin aminci. Kai kuma, Nuhu, Allah Ya yi maka albarka, Ya daidaita hannunka. Ka yi bisimilla, ka naɗe kunnen, ka ƙarasa da kanka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Shu'aibu Wanzami.